Sunan da Nuraddeen Bai Goge Ba

Nuraddeen ne ke kula da manyan kwamfutocin wani kamfanin albasa a Aliero, kuma sunayen iyalinsa ya raɗa musu. Ya tsara wani shiri da ke ɗaukar kowane suna ya mayar da shi adireshin intanet, ya kira na'urar ya ji ko tana aiki.

Wadda ya sa wa Mardiyya, sunan matarsa, ta ƙone da damina, a watan da aka binne matar. Ya cire wayoyinta ya jingine ta a lungu, amma hannunsa ya kasa goge sunan. Kullum shirin sai ya kira ta, kullum shiru.

Daren nan, bayan kowa ya watse, sai allon kwamfutarsa ya nuna ta amsa.

Ya waiwaya. Ga na'urar can a lungu, ko waya babu. Gyare suka yi tsit. Warin albasa ya ɗauke, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin. A bakin ƙofa wata mace ce tsaye cikin farin zane, tafin ƙafarta bai taɓa siminti ba.

"Baban Bushira," ta ce, muryar kamar daga rijiya, "kullum kana kira, ka hana ni kwanci."

Nan take ya goge sunan.

"Ka makara. Ba ni komawa ni kaɗai."

Ya dubi allon. Na'urar da ya sa wa Bushira, 'yarsu tilo, ta daina amsawa.