Ƙusa a Bangon Inna

Ranar wata Talata ce, ana yayyafi, ya fake da kekensa na kai saƙo a rumfar wani kafinta. 'Yar kafintan tana goge kujera, ta ɗago ta dube shi.

"Malam, ruwa kake gudu ko aiki?"

"Duka biyun," ya ce. Ta yi dariya, shi ke nan zuciyarsa ta tafi.

Baƙo ake ce masa a unguwar. Yana ƙarami yaƙi ya koro su daga ƙasarsu, shi da Innarsa. Har ya yi gemu Inna ba ta yarda an kafa ko ƙusa a ɗakinsu ba. Madubi a ƙasa, akwati a ɗaure bayan ƙofa. "Gobe-jibi za mu koma," in ji ta.

Da maganar aure ta taso, kafinta ya zo ganin gidan. Ya dubi bango fayau, ya dubi akwatin.

"Yaro, ba na ƙin ka. Amma ku a kan hanya kuke. Ba zan bayar da 'yata a tafi min da ita ba."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Baƙona, Baba ya ce a'a. Ni ban ce ba. Kai fa, zama ko tafiya?"

"Zama, Farin Watana. Aro min gudumar Baba."

Washegari ya durƙusa gaban Inna. "Inna, ko kalar ƙofarmu ta can ban tuna ba. Nan na girma."

Ta ɗauko madubin daga ƙasa, ta miƙa masa ya rataye.

Bugu ɗaya ya yi da gudumar, ƙusar ta huda bututun ruwan da ke cikin bango. Ruwa ya yi tsiri har rufi!

Da jin labari kafinta ya iso a guje, yana dariya har da riƙe ciki. "Surukina, ai ana ƙwanƙwasa bango tukuna!"

Surukina. Baƙo ya ji kalmar sarai.

Akwatin ya jiƙe sharkaf, dole Inna ta kwance shi. Ta ɗago wani ɗan mitsitsin wandonsa, ta yi dariya da hawaye. "Ko mun koma, wa zai sa wannan?"

Aka ɗaura aure, iyaye suka sa albarka, kafinta ya haɗa wa Inna kabad.

Abin da aka rasa: bututu ɗaya, akwati ɗaya, da sunan Baƙo, wanda yanzu amarya kaɗai ke kiran sa da shi.