Wanda Aka Ɗaure a Hoto

Dab da magariba ina haɗa kaya a shagona na hoto a Gudu, sai ga Madam Lucia, mai abinci a layinmu, rungume da akwatin gwangwani.

"Manniru, ka sa mini waɗannan a kwamfuta. Na kakana ne a Kwali."

Kakan nata kuku ne na wani Bature da ya zaga duniya a mota tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, yana ɗaukar hoto a kan gilashi. Hotunan gilashin ne a cikin akwatin. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a fitila. Jirgin ruwa, raƙuma, duwatsun ƙanƙara. Na ƙarshe 'yan dako ne jere a gaban motar, Bature a tsakiya yana washe baki.

Fuskar mutum ɗaya ta yi tabo. Ni kuwa da mugun sabo, na lashi yatsa na goge, na sake lasa.

Wallahi kamar na lashi mushe. Warin ruɓa ya cika shagon, ƙudaje suka fara zuga a kunnena.

Tabon ya fita. Bakin mutumin a buɗe, idanunsa sun kafe. Igiya ta ratsa hammatarsa zuwa ƙofar motar.

"Madam, wannan ai gawa ce."

Ta yi ƙasa da murya. "Kakana ya ce zawo ne ya kashe shi da safe. Oga ya ce layi sai ya cika, a ɗaure shi a tsaye. Bayan hoto suka jefar da shi a daji."

Tir! Har da murmushi.

Sai na ji igiya a hammatata. Jiƙaƙƙiya. Ta tsuke.

Dugadugaina suka bar ƙasa.

Numfashi mai ɗoyi ya taɓa ƙeyata, wata murya ta yi raɗa. "Na gaji da tsayuwa. Karɓe ni."

A cikin gilashin, fuskar ta fara zama tawa.

Na kasa ko salati. Lucia ta ƙwala ihu, ta fizge gilashin, ta kwantar da shi a ƙasa, ta yage ɗankwalinta ta rufe shi ruf.

Igiyar ta saki. Na faɗi ina kelaya amai.

Washegari muka kai gilashin Kwali muka binne, ni da addu'ata, ita da tata. Shatin igiyar yana jikina har yau, nama kuwa na bar shi.

Yanzu duk wanda ya zo ɗaukar hoto, ko na fasfo ne, kujera nake tura masa. Bakina ba ya iya cewa mutum ya tsaya, kada ya motsa.