Kashi Biyu Cikin Ɗari

Rana ta biyu ke nan da fara bikin kiɗan da ake yi duk watan Yuni a wata gonar shanu a Tennessee, kuma kafin hantsi Odessa Tillery ta riga ta kori mutum shida daga bakin tantinta. Na bakwai ne ya ƙi tafiya.

Odessa mai aikin wutar lantarki ce, 'yar mai aikin wuta. Kafin ta baro Chattanooga sai da ta auna wutar da wayarta za ta sha a kwana huɗu, ta loda farantin sola biyu da babban batir a bayan motarta. Don haka ba ta ga dalilin tausaya wa dubban ƙattin da suka tuna su zo da fentin fuska da fukafukan roba, amma suka manta cewa ciyawa ba ta da soket.

"Barka da hantsi, malama," in ji saurayin. Dogo ne, da malafa a kansa, rana ta ƙone masa hanci. Ya riƙe wayarsa da hannu biyu kamar ɗan tsako.

"Ba na ba da caji."

"Ai ban tambaya ba tukuna."

"Fuskarka ta tambaya. Ga rumfar caji can bayan banɗakuna, je ka bi layi kamar sauran 'yan'uwanka."

"Na bi. Awa biyu. Da aka zo kaina injin ya mutu."

"Ba ka zo da batirin ko-ta-kwana ba?"

Ya zaro shi daga aljihu. Ya kumbura kamar fanke. Wai a kan tantinsa ya bar shi jiya, cikin rana, yana zaton zafi na ƙara masa ƙarfi. Odessa ta kalle shi daga malafa har silifa.

"Ka yi makaranta kuwa?"

"Na yi. Amma burodi nake gasawa. Sunana Corwin."

"Ban tambaye ka ba. Saura nawa a wayar?"

"Kashi biyu."

"To Kashi Biyu, ka rage hasken, ka katse layin gaba ɗaya. Duniya ba za ta tashi ba don ba ta ga hoton hancinka ba."

"Hasken zan rage. Layin ne ba zan iya katsewa ba."

Ta taɓe baki. Duk haka suke cewa. Amma sai ya buɗe wani gwangwani ya ajiye a kan akwatin ƙanƙararta, ƙamshin burodin masara da man shanu ya tashi, ita kuwa tun jiya gyaɗa take ci.

"Minti talatin," ta ce. "Kuma kada ka yi min magana."

Ya zauna a ciyawa bai ce uffan ba har lokacin ya cika. Wannan ne ya fara ba ta haushi, domin ta shirya masa baƙaƙen maganganu uku, ba ta samu inda za ta sa su ba.

Da yamma ya dawo, washegari ma ya dawo. Ta tsara masa doka kamar ɗan firamare: caji da safe kafin rana ta yi zafi, waya a inuwa, ba ɗaukar bidiyo. Yana bi sau da ƙafa. Har ta yarda suka je gaban dandamali tare, inda ta gano cewa a duk filin nan ba wanda ya kai shi rashin iya rawa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta manta cewa ba ta cika yin dariya a gaban mutane ba. Suna dawowa saƙonsa ya shigo, alhali yana tafe a gefenta:

"Uwar Wuta, na san saƙo yana cin caji. Na auna, na ga kin cancanci kashi ɗaya."

Ta mayar masa: "Almubazzari." Amma ba ta goge saƙon ba.

Akwai wani kuma da ke turo mata saƙo. Brantley Voss, ɗan abokin babanta, mai sayar da jiragen ruwan shaƙatawa, wanda baban ya daɗe da zaɓa mata a ransa. Ya zo bikin da ƙatuwar mota mai ɗaki da kicin, da janareta, ya faka a ɓangaren masu hali. Tun da aka fara bikin bai ji waƙa ko ɗaya ba, yana ciki yana kallon wasan ƙwallo.

"Bebi, ki bar kwana a ƙasa kamar 'yar gudun hijira. Zo ki sha sanyi. Babanki ya ce in kula da ke."

Ba ta amsa ba. A ganinta Brantley janareta ne shi ma: ƙara da hayaƙi.

A rana ta uku da hantsi Corwin ya bar wayarsa tana caji a tantinta, ya tafi ɗebo musu ruwa. Wayar ta yi haske. Odessa ba ta yi niyyar dubawa ba, idonta ne ya faɗa kai. Sunan mai saƙon Sarauniyata, da hoton zuciya a gefe.

"Masoyina, yaushe za ka dawo? Abinci ba ya min daɗi in ba kai ka dafa ba. Kada ka bari 'yan matan can su sace min kai."

Ta karanta sau biyu. Ashe dalilin da ya sa ba a katse layi ke nan. Ita Odessa, da duk wayonta, an mayar da ita soket mai ƙafa biyu, ana biyanta da burodi. Ta zare wayar tana kashi tara, ta ajiye a kan gwangwaninsa a waje, cikin rana, ta zuge tantin ta sa kwaɗo. Sai ta nufi motar Brantley, ba don tana son ganinsa ba, don ta hukunta kanta.

Awa biyu ta yi tana sauraron farashin jiragen ruwa. Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Brantley ya buɗe, sai ta ji muryar Corwin, amma ba yadda ta san ta ba.

"Don Allah, malam, soket nake nema. Minti biyar."

"Ka ga alamar masaukin mabarata a nan?" in ji Brantley, yana waiwayen Odessa don ta taya shi dariya.

"Kakata ce. Tana da ciwon suga, akwai na'ura a hannunta da ke turo min awonsa ta waya. Na ga yana sauka, kafin in kira wayar ta ɗauke. Ita kaɗai ce a gida. Lambar maƙwabciyarmu tana cikin wayar, ban haddace ba. Mota tara na ƙwanƙwasa."

Odessa ta miƙe. "Mene ne sunanta a wayarka?"

Sai a lokacin ya gan ta. "Sarauniyata," ya ce.

Ta ture Brantley gefe, ta fizge igiyar talabijin ɗinsa daga bango, ta sa caja.

"Ke, ana tsakiyar wasa fa!"

"Brantley, in ka sake magana zan kwance maka wutar motar nan yadda sai ka sayar da jirgi biyu kafin ta gyaru."

Wayar ta sha rana, ta ƙi tashi. Odessa ta ɗora ta a bakin na'urar sanyi ta riƙe. Minti ɗaya, minti biyu. Ta san wuta tun tana yarinya, ta san ba a yi mata gaggawa, amma a ranar sai da ta roƙe ta. A minti na huɗu fuskar wayar ta haska. Awon ya nuna arba'in da ɗaya, sugan ya yi mummunan faɗuwa.

Nan take Corwin ya kira maƙwabciyar, ta ruga ta tarar da tsohuwar kwance a ƙasan kicin. Motar asibiti ta iso a kan lokaci, da kyar.

Motar haya Corwin ya biyo zuwa bikin, don haka Odessa ce ta tuƙa shi zuwa Knoxville, inda kakar take. Tanti da sola duk ta bar su a filin. Da suka yi nisa ta ce:

"Ni na zare wayar. Na ga saƙon, na zaci..."

"Na san abin da kika zata." Bai kalle ta ba. "Shekara uku ban kwana a waje ba. Ita ta saya min tikitin, ta ce in je in ga mutane. Da kin tambaye ni, Odessa. Amma ke ba kya tambaya. Kin gama sanin kowa tun daga nesa."

A karo na farko raininta ya rasa wanda zai sauka a kai, sai ita kanta.

Kaka Verna 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗaya, da ido kamar na shaho. Ta saurari labarin duka daga gadon asibiti, sannan ta ce, "To ke ce kika kusa aika ni lahira saboda kishi?"

"Ni ce, Kaka. Ki yafe min."

"Shekara talatin rabon da wata ta yi kishi da ni. Matso in gan ki. Hm. Ba laifi. Bakin ne dai ya yi kaifi."

Kaka ta yafe, jikan ne ya yi wuya. Sati biyu tana tura saƙo ba amsa. Ranar Asabar ta uku ta loda kayan aikinta ta tafi Knoxville, lokacin da ta san yana gidan burodi. Tsohon gidan Kaka wayoyin wutarsa sun girmi Odessa. Ta yini tana sauya su, ta sa batirin da zai riƙe firjin magani in an ɗauke wuta, ta rubuta lambobin maƙwabta a kan kati biyu, ɗaya a bango, ɗaya don walat ɗinsa. Ta tafi kafin ya dawo. Tana hanya saƙo ya shigo:

"Uwar Wuta, Kaka ta ce wani ɓarawo ya shigo gidanmu ya gyara komai. Ta ce in ban auri ɓarawon ba za ta sauya min suna a wayarta. Ki zo Lahadi. Zan yi burodi."

Ta faka a gefen titi ta rubuta: "Kashi Biyu, na yi kuskure, kuma ban saba faɗa ba. Ina sonka. Kada ka sa in maimaita."

"Zan sa," ya amsa. "Kullum."

Saura baba. Hollis Tillery ya shekara arba'in yana hawa turakun wuta, kuma a wurinsa namijin da bai iya sauya fis ɗin wuta ba bai cika namiji ba. Ranar da Corwin ya zo gaishe shi, ko kujera bai nuna masa ba.

"Kai ne mai kwaɓa fulawar?"

"Ni ne, yallaɓai."

"Na ji kai ne ka shanya batir a rana."

"Haka aka yi, yallaɓai."

Baba ya juya ga 'yarsa kamar yaron ba ya wurin. "Kin bar Brantley mai gidan kansa a bakin tafki, kin kwaso min wanda ko wayarsa bai iya ciyarwa ba. Da me zai riƙe ki? Da yis? Ban yarda ba, kuma kada a sake kawo min maganar."

Odessa ta kalli leɓen babanta yadda ya taɓe, ta gane inda ta samo nata. Wata biyu ba ta ci abinci a gidan ba.

Kaka Verna ce ta kashe maganar. Ta sa aka kai ta Chattanooga, ta shiga shagon Baba da sandarta, ta zauna a kujerarsa ba tare da an ce ta zauna ba.

"Kai ne Hollis? Na zaci za ka fi haka tsawo. Na ji ka ce jikana bai iya komai ba. Yaron nan yana da shekara ashirin da biyu ya bar makarantar koyon girki a Chicago ya dawo don ni. Shi ke yi min allura, shi ke yanke min farce, shi ke auna min abinci a sikeli. Ranar da na faɗi, zaɓaɓɓen naka ya hana shi soket saboda wasan ƙwallo. Kai ma tsufa na tafe, ɗana, ga gwiwarka nan tana gaya min. Zauna ka yi tunani: a cikin su biyun wa kake so ya riƙe makullin gidanka?"

Baba ya daɗe yana jujjuya filaya a hannu. Daga baya ya ce, "Ki ce ya zo Asabar. Zan koya masa sauya fis." A bakin Hollis Tillery, wannan shi ne amincewa.

An ɗaura auren a watan Oktoba, a ƙaramar majami'ar unguwar Kaka. Brantley ya aiko da katin taya murna mai ɗauke da tallan jiragensa a baya, aka sa shi ƙarƙashin ƙafar wani tebur da ke rawa. Ango da kansa ya gasa kek ɗin. Baba ya rako 'yarsa gaban fasto yana ta goge ido, yana cewa furannin ne suke damunsa.

Da aka zauna cin abinci, aka ba Kaka Verna ta yi addu'a. Ta miƙe, ta kama hannun amarya da na ango ta haɗa a cikin nata.

"Ya Ubangiji, ga yaran nan, ka riƙe su. Ka ba su lafiya da haƙuri da juna, ka sa su tsufa tare. Ka ba su 'ya'ya. Ka ba 'ya'yan hannun uwarsu da zuciyar ubansu." Ta buɗe ido ɗaya ta kalli Odessa, ta kalli Hollis. "Bakin kuwa, Ubangiji, wanda muke da shi ya ishe mu."

Majami'a ta amsa da amin. Ta amarya ce ta fi ta kowa ƙarfi.