Wutsiya a Gwangwanin Biskit

Ranar Talata da magariba na hau keke zuwa shagon Tjitske mai sayar da dabbobin gida in sayo gyare. Tsakar da matata Aukje ta bar mini ce ke cin su. Aukje ta saye ta wata uku kafin ta rasu, 'yar ƙarama, rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi. Ta ce irin wannan tana shekara ashirin, a samu wani abu a gidanmu da ba ya gaggawar tafiya.

Na dawo ta gefen babbar magudanar ruwa. Labulenmu a buɗe yake, kamar na kowa a layin. Daga titi na hango mutum a sunkuye kan akwatin gilashin da tsakar ke ciki, cikin shuɗiyar rigar sanyin Aukje.

Na shiga. Babu kowa. Sai ƙamshin alewar na'ana'a, wadda take tsotsa a coci lokacin wa'azi. Murfin akwatin a buɗe. Tsakar ta maƙale a kusurwa tana haki, wutsiyarta kuma can gefe, a guntule, tana ta mutsu-mutsu kan yashi.

Ban iya zubar da abin da Aukje ta taɓa. Na naɗe wutsiyar a auduga, na sa a gwangwanin biskit ɗinta, na rufe, na ɗora a saman kabad.

Tjitske ta yi mini dariya washegari. Ta ce tsoro ne kawai ke sa tsaka ta yar da wutsiyarta, in cire yashin, in shimfiɗa takarda, in ƙara ɗumi, kada in taɓa ta. Kafin mako za ta ci abinci.

"Wutsiyar kuma a shara, Baba Istifanus. Ko miya za ka yi da ita?"

Na ce na zubar.

Tun a makarantar mishan aka koya mini auna abu in rubuta. Kowace magariba nakan ɗora tsakar a ma'aunin kicin. Giram goma sha tara. Sha takwas. Gyare na yawo a kan ƙafarta, ba ta ko juya kai. Na miƙa mata tsutsa a bakin hantsaki kamar yadda Aukje ke yi, ta rufe ido.

Rana ta shida na ji ƙwas, ƙwas, daga saman kabad.

Na auna gwangwanin. Washegari na sake aunawa. Abin da tsakar ta rage, shi ya ƙaru, daidai, ba bambancin ko ɗigo.

Rana ta goma sha biyu haƙarƙarin tsakar ya fito. Na ɗauki gwangwanin na nufi magudanar. Hazo ya kwanta kan ruwan. Warin taɓo, kukan agwagwa ɗaya can nesa. Gwangwanin na bugun tafin hannuna.

Na ɗaga zan jefa.

Na'ana'a.

Yatsu masu sanyi suka zagaye wuyan hannuna. Na san zoben.

"Isti," muryar Aukje, a hankali, dab da kunnena. "Tsakar na zo ɗauka, ta gudu ta bar mini wannan. Ni kaɗai ce a can."

Hannun ya ja. Ruwa ya kai mini gwiwa, ya kai ƙugu.

Na saki gwangwanin, na kama ciyawar gaɓa, na rarrafa.

Ban waiwaya ba.

Tsakar ta mutu kwana biyu bayan haka, giram tara. Na binne ta ƙarƙashin itacen tuffa. Da na koma kicin na tarar da gwangwanin a kan tebur, ruwa na ɗiga daga gefensa.

Yau wata guda ke nan. Tjitske tana kawo mini miyar wake, ina gode mata, ina zubarwa bayan ta tafi. Na ƙara huda biyu a bel ɗina. Ina auna kaina, ina auna gwangwanin, ina rubutawa.

Jiya sai da hannu biyu na ɗaga gwangwanin.