Jiran Ladi

Mafayyaci yana karanta layi dubu arba'in a cikin minti ɗaya. A babban allon da ke jikin bangon Gidan Magada, layukan umarni suna gangarowa kamar ruwan indararo, mafi yawansu su koma kore su wuce, jefi-jefi ɗaya ya koma ja ya tsaya a gefe. Kore na nufin na'urar ta gano abin da layin ke nuni gare shi, ko ƙofa ce, ko birki, ko fitila. Ja kuwa na nufin ta bi sawun layin har ƙarshe ba ta tarar da komai ba.

Tabawa Isiyaku tana zaune a teburi na uku, tana kallon allon ta saman tabarau. Shekararta hamsin da biyu. Goma sha tara daga ciki ta yi su ne a ɗakin gaba na jirgin ƙasan da ke zagaya Birnin Dargaza, tana sa ido, har ranar da hukumar sufuri ta ce jirage sun daina bukatar mutum a gaba. Aka ba su zaɓi, ko ritaya ko koyon sabon aiki. Ita ta ce za ta koyi rubuta manhaja.

Ta sha wuya a watannin farko. Akwai ranar da ta wuni tana neman abin da ya hana shirinta tashi, ashe waƙafi ɗaya ta manta. Akwai ranar da ta rubuta zagayen umarni ba ta yi masa mafita ba, kwamfuta ta yi ta buga sunanta a allo har sai da aka zare mata wuta. Abokan karatunta, sa'o'in 'ya'yanta, suka yi dariya, ita ma ta taya su, amma a hanyar gida sai da ta share hawaye. A hankali dai ta gane halin abin: na'ura ba ruwanta da abin da ke zuciyarka, abin da ka faɗa shi take yi. Yanzu wata bakwai ke nan, kuma ta fara karanta harshen na'ura ba tare da ta motsa leɓe ba.

Aikin Gidan Magada shi ne kwashe tsofaffin manhajojin birnin zuwa sababbin injuna. Ruwa, wuta, jirage, duk suna tafiya ne a kan umarnin da aka rubuta shekara hamsin da suka wuce, waɗanda suka rubuta kuma yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Shugaban gidan, Malam Jatau Bitrus, dattijo ne da ya karanta tarihi a arewacin Ingila kafin ya koma ga kwamfuta. Can ya ƙwallafa rai a kan gidajen zuhudu na zamanin Angulo-Sakson, wato Ingilar dā, inda maza da mata suka keɓe kansu daga duniya suna kwafar littattafan Latin a kan fatar maraƙi. Ya tsara gidan a kan tafarkinsu: shiru daga safe zuwa azahar, abinci a tire ɗaya, da doka ɗaya da ba ta canzawa, cewa abin da ba ka gane ba ka kwafe shi yadda ka same shi.

Sai dai aikin na tafiyar hawainiya. Shekara shida, kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka gama, tsofaffin injuna kuwa suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa majalisar birni ta turo Dakta Ramlatu Sambo da Mafayyaci, na'urar da ta ƙera. Ramlatu ba ta wuce talatin da biyar ba, mace ce mai ladabi da fara'a, kuma tun ranar farko take kiran Tabawa da Inna.

Da azahar, a kan tuwon shinkafa, gardamar da aka saba ta sake tashi.

"Malam, ni fa ban ce a zubar da gado ba," in ji Ramlatu. "Amma kalma alama ce, tana nuna wani abu. Idan na ce ƙofa, ga ƙofar can. Idan layi ya kira sunan abin da babu shi a ko'ina, to ba shi da ma'ana. Kaya ne kawai muke ɗauka a ka."

Malam Jatau ya gutsuri loma. "Idan na ce miki sannu, me na nuna?"

"Wannan gaisuwa ce."

"To ai shi ne. Ba ta nuna komai, amma gwada wuce maƙwabcinki ba ki faɗe ta ba. Ma'anar magana tana wurin aikin da mutane ke yi da ita. Mutanen nan da nake ba ku labari, da yawansu Latin ɗinsu bai nuna ba. Da kowa ya goge abin da ya fi ƙarfinsa, da littattafan sun iso mana a rarake."

"Su suna da shekara ɗari, Malam. Mu injin famfon yamma ba zai kai baɗi ba."

A ranta Tabawa ta fi karkata ga Ramlatu. Ta gaji da kwafar abin da ba ta sani ba. So take a ce ta gane.

A makon ne aka ba ta aikinta na farko na gaske. Mafayyaci ya ware layi ɗari huɗu da goma sha biyu daga manhajar jirage, ya ce ba su da ma'ana, kuma doka ta ce sai mutum ya duba ya sa hannu kafin a goge. Da yake ta san jirgi, aka ce ita ce ta dace. Yawancinsu tarkace ne a fili, umarnin fitilun da aka cire tun tuni, da na tashoshin da aka rushe. A rana ta biyu ta iso kan wani gajeren layi. Cewa ya yi: idan jirgi ya tsaya a tasha ta goma sha huɗu, a yi jiran Ladi, daƙiƙa tara.

Ta nemi Ladi a jerin injuna, babu. Ta nema a jerin ma'aikata da na tashoshi, babu. Sai ta tuna. Tasha ta goma sha huɗu ita ce ta Unguwar Rimi, inda ƙofofi kan yi nawa kafin ƙararrawa ta buga, ita kuma ta zauna a gaba tana tsaki. Sau uku ta rubuta ƙorafi a kan wannan a zamanin aikinta, ba a taɓa ba ta amsa ba. Wani daɗi ya kama ta, irin na wanda ya kama ɓeran da ya daɗe yana masa ɓarna. Ta ɗaga kai ta dubi Malam Jatau, yana can ya duƙufa a teburinsa, lokacin shiru bai ƙare ba. Ta sa hannu.

Ranar Litinin sabuwar manhaja ta fara aiki. Ranar Laraba da hantsi Ramlatu ta shigo ɗakin aiki ba sallama, ta karya shirun.

"Wani tsoho ya faɗi a Unguwar Rimi. Ƙararrawa ta buga yana tsakiyar dakali, ya yi sauri, sandarsa ta faɗa ratar da ke tsakanin dakali da jirgi. Ƙashin ƙugunsa ya karye." Ta dubi Tabawa, muryarta ta yi ƙasa. "Inna, tun shekaranjiya mutum sittin da wani abu jirgi ya bari a tashar nan. Ba a taɓa ganin haka ba."

Tabawa ta miƙe. Ba ta jira izini ba, ta yafa mayafi ta fita.

Shekara goma sha tara tana wuce Unguwar Rimi, amma ta cikin gilashin gaba, idonta a kan layin dogo. Yau ne ta fara sauka. Tana gangarowa daga tasha ta ga abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Kusan kowane gida an yi masa gangare a maimakon matakala. Kekunan guragu a ƙofofi, makafi biyu suna tafe suna hira, wata mata da ƙarfe a ƙafa tana soya awara. A bakin titi akwai rumfar gyaran kekuna, wata dattijuwa na zaune tana ɗaure taya. Tabawa ta gaishe ta, ta ce ko ta san wata Ladi.

Matar, wadda ake kira Iya Kande, ta ajiye sifana. "Ladi yayata ce. Shekararta ashirin da shida a ƙasa. Lafiya?"

Tabawa ta zauna a benci ta faɗa mata gaskiya, har da sa hannun.

Iya Kande ta ture tayar gefe. "Ashe Mati ne," ta ce. "Mijinta ke nan, yana cikin waɗanda suka haɗa jirgin. Ladi shan inna ya taɓa ta tun tana ƙarama, ga ta tela a babbar kasuwa. Kullum jirgi sai ya bar ta, ta dawo tana kuka. Wata rana ya ce mata ta je, yau zai jira ta. Muka ɗauka wasa yake. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya yi ba, ina jin tsoron kora yake."

"Su kuma sauran mutanen fa?"

"Ai labari ne ya bazu, cewa akwai tashar da jirgi ke da haƙuri. Mai gurgu a gida ya nemi haya a nan, mai tsoho ya dawo nan. Ni kaina abin da ya zaunar da ni a rumfar nan ke nan. Wasu cewa suke tudu ne ke riƙe jirgin."

Kafin la'asar an mayar da layin. Tabawa ce ta rubuta shi da hannunta, Ramlatu na tsaye a bayanta, Malam Jatau kuma bai ce ai na faɗa muku ba. Ruwa kawai ya zuba a kofi ya ajiye wa kowaccensu.

Ramlatu ba ta sha ba. "Malam, na'urar ba ta yi kuskure ba, shi ne abin da ke ba ni tsoro. Babu Ladi. Ko yau aka sake ba ta layin, ja za ta yi masa." Ta murza goshinta. "Kafin a kawo ni nan, birane uku na yi wa aiki. Layi dubu goma sha ɗaya muka goge, na ruwa da na asibitoci da na fitilun titi. Tsofaffin injunan an narkar da su. Babu kwafi."

"An kawo ƙorafi?" Malam Jatau ya tambaya.

"Ko ɗaya. Da rashin ƙorafin nake kafa hujja a gaban majalisa."

Washegari su biyu suka je asibiti. Sunan tsohon Baba Nomau, ya haura saba'in, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye tun shekara takwas da suka wuce. Kullum da safe yakan hau jirgi zuwa shagon 'yarsa, ya zauna yana karɓar gaisuwa. 'Yar ta tare su a baranda, ta ce likita ya ce da wuya ya sake takawa.

"Sannu, Baba. Ya jiki?" in ji Tabawa, ta durƙusa a gefen gado.

"Da sauƙi, 'yata. Daga ina?"

Ta faɗa masa. Ta yi bayanin layin da daƙiƙa taran da sa hannunta, a hankali, ba ta ɓoye komai ba, ta roƙi gafararsa. Ta shirya wa faɗa, ko ya juya mata baya. Sai ta ga fuskarsa ta saki.

"Wato jirgin ne ya canza?"

"Shi ne, Baba. Mu muka canza shi."

"Alhamdu lillahi." Ya lumshe ido. "Litinin ya bar ni, Talata ya bar ni. Ban faɗa wa yarinyar nan ba, kada ta ce in zauna a gida. Na zaci ni ne ƙafata ta ƙara mutuwa. Shi ya sa na ce ranar Laraba sai na gwada gudu."

Ya ce ya yafe, ya ce su gaida gida. Suka fito.

A bakin ƙofar asibiti Ramlatu ta tsaya, ta jingina da bango. Motoci marasa direba suna wucewa a jere, kowace a kan lokacinta.

"Inna, kin ji abin da ya ce? Bai kai ƙorafi ba."

"Na ji."

"Birane uku," in ji Ramlatu. Ta ciro wayarta ta nemo lambar shugaban majalisa, ta tsaya tana kallonta. Tabawa ta riƙe mata jaka har ta danna.