Ginshiƙi Mai Tsawon Aisa Bakwai

Da hantsi ranar Talata Malam Ibram magini ya faɗo kwamisariyar 'yan sandan Gure, hula a karkace, takalmi wari da wari. Insifekta Uwaisu ya kai kofin shayi baki ke nan, sai ya mayar ya aje. Rabin zaurukan garin nan aikin hannun Malam Ibram ne, kuma ba a taɓa ganinsa yana sauri ba, ko da katanga na zubewa.

"Yallaɓai Insifekta, an yi mini sata."

"Zauna tukuna, Baba. Me aka ɗauka?"

"Albam ɗina na foto."

Uwaisu ya ɗan saki jiki, don ya zaci raƙumi ne ko injin ban ruwa. "Foton me?"

"Na majami'u. Tsofaffin majami'un Faransa."

Sannu a hankali labarin ya fito. Bara waccan 'yarsa Huda, mai aikin jinya a Faransa, ta kai shi can tare da matarsa Aisa. Wasu in sun je Turai kantuna suke bi. Shi kuwa Malam Ibram sai da ya gajiyar da 'yarsa da yawon majami'un dutse masu shekara ɗari bakwai, ɗari takwas, yana ɗaga kai yana kallon ɗaurin gugan rufinsu har hula ta faɗi.

"Addininsu nasu, nawa nawa," in ji shi. "Amma wanda ya ɗaure rufin nan magini ne, magini kuwa ɗan'uwan magini ne."

Masu gadi sun hana shi fito da igiyar awo, sai ya yi dabarar magina. Ya san tsawon Aisa, kamu uku da taki. Duk ginshiƙin da ya burge shi sai ya tsayar da ita a jikinsa ya ɗauki foto, daga baya ya rubuta awon a bayan takardar: Aisa biyar, Aisa shida da rabi. Ita kuwa mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta foto, ko a bikin 'yarta guduwa ta yi. Ta yarda ne kawai don an ce mata aiki ne.

"Wata biyar ke nan da rasuwarta," in ji Malam Ibram. "Wayar da na ɗauka da ita ta faɗa rijiyar garka. Albam ɗin nan kaɗai ya rage. Insifekta, in na rufe ido muryarta nake ji, amma fuskar ta fara yi mini wuyar kamawa."

Tausayi ya kama Uwaisu. Ya ɗauki makullin mota, shayin ya huce a kan tebur.

A gidan, ƙofar ɗaki lafiya lau, ba a taɓa kwaɗon ba. Jiya Malam Ibram ya tafi garka bayan azahar, ya dawo da la'asar, ya tarar da saman akwatin da yake aje albam ɗin wayam.

"Ina kake aje lakile, makullin ɗakin?"

"Ƙarƙashin randa, tun zamanin Aisa."

Uwaisu ya duba ɗakin. Ga rediyo, ga agogo, ga sabuwar riga a rataye, ba abin da aka taɓa. An share ƙasa tas, an gyara shimfiɗa, an ninke dardumar salla, ga ɗan ƙanshin turaren wuta yana tashi daga labule.

"Baba, kai ka yi sharar nan?"

Malam Ibram ya dubi ƙasa kamar yau ya fara ganinta. "Ni? Rabona da tsintsiya tun ina saurayi."

Shekara goma sha biyu Uwaisu yana aikin nan, ya ga ɓarawon da ya ci tuwon masu gida kafin ya fita, amma bai taɓa ganin wanda ya yi shara ba.

"Akwai wanda ya taɓa kushe albam ɗin?"

"Garbai, maƙwabcina. Amma bakinsa ne kawai, tare muka yi kiwon awaki."

Uwaisu ya sami Garbai a sabon zaurensa yana tsince dabino a faifai.

"An ce ka ce a ƙone albam ɗin Malam Ibram."

"Na faɗa, kuma zan ƙara! Musulmi da furfura, ya cika ɗaki da foton gidan ibadar Nasara? Ni ko buɗe shi ban taɓa yi ba."

Uwaisu ya ɗaga kai ya dubi ƙofar zauren. Bakanta ya tashi siriri ya haɗe a sama da tsini, irin da babu kamarsa a Gure.

"Baba Garbai, wannan bakan a ina ka gano shi?"

Garbai ya yi tari, ya gyara hula, ya sake yin tari. "Shafi na tara," ya ce ƙasa-ƙasa. "Duk Juma'a in an sauko nakan shiga mu duba tare. Don Allah kada majalisa ta ji."

"To don me kake zagin abin da kake so?"

"Baki ne, ɗana. In ban tsokani Ibram ba, wa zan tsokana?"

"A ina ka yi maganar ƙonawar?"

"Ranar sadakar arba'in. Na ce in mutane suka ga Aisa tsaye ƙarƙashin gicciye, me za su ce a kanta?"

"Mata sun ji?"

Garbai ya aje faifan, jikinsa ya yi sanyi. "Ya Kaka tana bayan zana tana rabon gumba. Yayar marigayiya ce, ita ta goye ta."

Rana ta take tsaka lokacin da Uwaisu ya yi sallama a gidan Ya Kaka, Malam Ibram na biye da shi. Tsohuwar tana zaune a tabarma ta miƙe ƙafa. Ƙanshin turarenta ya tare shi tun daga ƙofa, shi ne dai na jikin labulen.

"Inna, yaushe rabonki da gidan Malam Ibram?"

"Tun arba'in. Gwiwa ta hana ni ko leƙa waje."

"Kin san inda ake aje lakile?"

"Ina zan sani? Gidan wani ne."

"Wannan kaskon fa? Garwashi a zafin nan?"

"Sanyi nake ji. Tsufa ne, kai ma yana nan tafe."

Uwaisu ya durƙusa kamar zai gyara takalmi. A gefen tabarma ga almakashi, kusa da shi ga wani siririn yankin takarda mai sheƙi. Ya ɗaga shi a rana. Gefen taga ne mai gilashi ja da shuɗi.

Malam Ibram ya dubi takardar, ya dubi kaskon, ya zauna a ƙasa.

"Yaya," ya ce, "kin ƙone?"

Ya Kaka ta ɗaga gefen tabarma ta jawo albam ɗin, nannaɗe cikin tsohon mayafin Aisa.

"Ni na ɗauka," ta ce. "Tun ranar da na ji maganar Garbai ban sami sukuni ba. Yarinyar nan ba ta taɓa sakin salla ba, sannan a zo ana yi da ita tana kabari? Na ce bari in yanke ta daga jikin gine-ginen, in ƙone su, in mayar maka da ita ita kaɗai."

"Nawa kika yanke?" in ji Uwaisu.

"Ɗaya." Ta buɗe tafin hannunta. Ga Aisa 'yar mitsitsiya, an zagaye ta da almakashi, tana dariya. "Da na zo na biyu sai na ga ta dafa ginshiƙin da hannu. Na uku ma haka, har ƙarshe. In na yanke dutsen sai na yanke mata yatsu. Tun jiya nake hura garwashin nan yana mutuwa." Hawaye ya zubo mata. "Kuma ban taɓa ganin ta yi dariya irin wannan ba, ni da na goye ta."

"Sharar fa, Inna?"

Ta harare shi. "In bar ɗakin ƙanwata kamar turken awaki?"

Malam Ibram ya rungume albam ɗin, yana buɗe shafi ɗaya bayan ɗaya, yana shafa fuskar da yatsa. Ya yi kuka a gaban surukarsa, bai ji kunya ba.

Uwaisu ya miƙe ya gyara murya. "Inna, an buɗe dosiyen ƙara, dole ki zo kwamisariya ki sa hannu. Baba, za ka janye ƙara?"

"Na janye tun kafin in tashi daga nan."

"Garbai ya kamata ka kama," in ji Ya Kaka tana laluben sandarta. Uwaisu ya riƙe mata hannu har bakin mota, ya buɗe mata gidan gaba. Gwiwar da ta hana ta leƙa waje ba ta ce komai ba.

Kafin ya rufe ƙofa ta miƙo wa Malam Ibram ɗan foton da ta yanke. "Ungo. Na ɓata maka awonka."

Ya dubi foton, sannan ya mayar mata da shi cikin tafin hannu, ya rufe yatsunta a kai.

"Riƙe ta, Yaya, ke ma taki ce. Wannan ginshiƙin na haddace shi, Aisa bakwai ne."