Muryar da Aka Kulle a Rikoda

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah Ya hore wa natsuwa da sanin ya kamata, ka gyara zama ka ba ni aron hankalinka, domin ni ban saba ɓata tawada a kan zancen banza ba.

Gab da samun mulkin kai aka kawo rikoda, akwatin ɗaukar magana, kwalejin horon malamai, aka ɗora wa Malam Sodangi na Ƙofar Marke nauyin lallashin malamai su riƙa koyarwa da ita. Duk suka noƙe. Amininsa Malam Illo kaɗai ya are ta, wai zai gwada muryarsa a ɓoye saboda kunya. Da ya maido, Sodangi ya adana ta a ɗakinsa yana murna.

Ran nan da magariba ana shimfiɗa tabarmi, gidan Sodangi ya yi tsit. Dutse ya faɗo tsakar gida. Wani ya biyo. Sai Sakinatu, ɗiyar Sodangi, ta saki akushi, ta ƙura wa ɗakin da rikodar take ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Aka kirawo Malam Audi, masanin Alƙur'ani. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Kai wane ne?"

Bakin yarinyar ya motsa a hankali. "Aljani ne ni, mazaunin tsamiyar bayan ganuwa. An kulle muryata cikin akwatin can, shi ya sa na ari tata."

Sodangi ya ce, "Wallahi ban taɓa kai shi tsamiya ba!"

"Illo ya kai shi, da magariba, ba sallama. Shina son malamai su ji ni su firgita, a maida akwatin inda ya hito."

Sodangi ya dafa bango. Illon da ya yi wa Sakinatu huɗuba ranar haihuwarta!

Aljanin ya ce, "A ƙona akwatin."

Malam Audi ya ce, "Kayan makaranta ne. A sakar maka muryarka, ka sakar muna ɗiya."

Aka kunna. Faifan ya juya, wani nishi mai nauyi ya fito ya bi ta bisa katanga. Sakinatu ta yi atishawa, ta ce, "Baba, ruwa."

Da safe Illo ya zo yana sunkuyar da kai. Sodangi bai miƙa masa hannu ba. Ga tarar da ya yanka masa: rago guda na sadaka, sannan ya koyar da kowane darasinsa da rikoda, a gaban malaman da ya so ya firgita, har ƙarshen shekara.